Wa Ya Ba Da Izinin Azabtarwa? Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Muƙarraban Bush Suka Riƙa Tura Masa Laifi

Gwamnatin George W. Bush ta sauka tun Janairun 2009, amma har yau ba a daina ja-in-ja ba kan wanda ya ba hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, izinin gana wa fursunoni azaba bayan harin 11 ga Satumba, 2001. Waɗanda suka zauna a ɗakin da aka tsara abin sun riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na nuna sama. Ga tambayoyin da masu bin batun suka fi yi, daga na farko-farko zuwa masu zurfi.

Wace azabtarwa ake magana a kai, kuma yaushe aka yi ta?

Kwana shida bayan harin da ya ci rayuka kusan 3,000, wato ranar 17 ga Satumba, 2001, Bush ya sa hannu a wata takardar sirri da ta ba CIA ikon kama waɗanda take zargi da ta'addanci ta tsare su a ƙetare. Daga nan aka buɗe gidajen yarin ɓoye a Tailan, Afganistan, Poland, Romaniya da Lituwaniya. Kwamitin leƙen asiri na Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Sanata Dianne Feinstein, ya ƙirga mutum 119 da CIA ta tsare. Aƙalla 39 daga ciki an yi musu abin da gwamnati ta kira "ingantattun dabarun tambaya", aƙalla 26 kuwa ko ƙa'idar tsarewar ma ba su cika ba.

Hanya biyu ce, kada a gwama su. Akwai ta CIA, wadda ta fi zama cikin duhu. Akwai kuma ta soja, a Guantanamo da Afganistan da Iraƙi, ƙarƙashin Ministan Tsaro Donald Rumsfeld. Ta sojan ce duniya ta fara gani, lokacin da hotunan kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi suka fito a ƙarshen Afrilun 2004.

Me aka riƙa yi wa mutanen?

Wadda ta fi suna ita ce azabar ruwa. A ɗaure mutum a kan katako, kansa ya fi ƙafafunsa yin ƙasa, a rufe masa fuska da tsumma, a riƙa kwarara ruwa har ya ji yana nutsewa. An yi wa Abu Zubaydah, fursunan da ake zargi da alaƙa da al-Ƙa'ida, sau 83 a Agustan 2002, Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake zargi da kitsa harin 11 ga Satumba, kuma sau 183 a Maris na 2003. Bayanan CIA ɗin kanta sun nuna akwai ranar da Abu Zubaydah ya daina motsi ɗungurungum, kumfa na fitowa ta bakinsa da ke cike da ruwa. An kuma kulle shi a akwati mai girman makara na tsawon awa 266 idan aka haɗa. Wasu ma'aikatan da ke wurin sai da suka yi ƙwalla.

Sauran sun haɗa da hana barci har awa 180, yawanci mutum na tsaye an ɗaure hannayensa sama, da buga shi da bango, da tuɓe shi tsirara. A Nuwamban 2002, a wani kurkukun CIA kusa da Kabul, an bar wani ɗan Afganistan, Gul Rahman, ɗaure a kan siminti ba wando cikin tsananin sanyi. Da gari ya waye aka iske gawarsa. Wata huɗu bayan haka aka ba da shawarar a ba jami'in da ke kula da wurin kyautar dala 2,500 saboda ƙwazo. Masana halayyar ɗan Adam biyu da suka tsara dabarun, James Mitchell da Bruce Jessen, kamfaninsu ya karɓi dala miliyan 81.

Babu dokar da ta hana ne?

Akwai, har biyu. Amurka ta sa hannu a Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Hana Azabtarwa a 1988, zamanin Reagan, ta kuma tabbatar da ita a 1994, ta yi dokar cikin gida da ta haramta wa Ba'amurke azabtar da mutum a ƙetare. Ga kuma Yarjejeniyoyin Jeneba na 1949 kan fursunonin yaƙi.

An bi ta gefensu ne a mataki biyu. Ranar 7 ga Fabrairu, 2002, Bush ya rattaba hannu cewa Jeneba ba ta shafi 'yan al-Ƙa'ida ba, 'yan Taliban kuma ba fursunonin yaƙi ba ne. Lauyan fadarsa, Alberto Gonzales, ya riga ya rubuta masa cewa wasu sassan yarjejeniyar sun zama tsohon yayi. Sai kuma 1 ga Agusta, 2002, lokacin da wani ofishi a Ma'aikatar Shari'a ya fitar da takardun da John Yoo ya tsara, Jay Bybee ya sa hannu. A cewarsu, zafi bai kai azabtarwa ba sai ya yi daidai da na lalacewar wata gaɓa ta cikin jiki ko mutuwa. Da wannan ma'auni aka halatta dabaru goma a kan Abu Zubaydah. Riƙe zancen lauyoyin nan, don za su sake fitowa a tambayar da ke kan abin da Bush ya ce.

Su wa suka zauna aka yanke shawarar?

A Afrilun 2008 tashar ABC ta ruwaito cewa manyan kwamitin tsaron ƙasa sun yi ta zama a fadar White House suna tattauna dabarun dalla-dalla. Condoleezza Rice, mai ba shugaba shawara kan tsaro, ita ke jagorantar zaman. Sunayen da aka ambata su ne Mataimakin Shugaba Dick Cheney, Rumsfeld, Sakataren Harkokin Waje Colin Powell, shugaban CIA George Tenet, da Antoni Janar John Ashcroft. An ce Ashcroft ya taɓa tambaya me ya sa ake irin wannan zance a cikin fadar, yana cewa tarihi ba zai yi musu da sauƙi ba.

Akwai gyara a nan. Takardun CIA da Majalisar Dattawa ta bincika sun nuna sai Satumban 2003 aka yi wa Powell da Rumsfeld cikakken bayanin shirin. Wani saƙo na Yulin 2003 ya ce fadar na tsoron Powell zai fusata idan ya ji abin da ake yi.

Me Condoleezza Rice ta ce da aka tsare ta da tambaya?

Ranar 22 ga Afrilu, 2009, wani bayani da kwamitin Majalisar Dattawa ya saki ya nuna cewa ranar 17 ga Yuli, 2002, Rice ce ta gaya wa Tenet CIA na iya ci gaba da shirinta a kan Abu Zubaydah, muddin Ma'aikatar Shari'a ta ce ya halatta. Kwana biyar bayan fitowar wannan bayani, ɗalibai suka tare ta a wani ɗakin kwanansu a Jami'ar Stanford, ɗaya na ɗaukar bidiyo.

Amsarta kashi biyu ce. Na farko, ita ba ta ba da izinin komai ba, saƙon gwamnati kawai ta isar wa hukumar. Na biyu, tun da shugaban ƙasa ne ya ba da izini, to abin bai saɓa wa yarjejeniyar hana azabtarwa ba. Nan take mutane suka tuna tsohon shugaban Amurka Richard Nixon, wanda ya ce a 1977 duk abin da shugaban ƙasa ya yi ba haramun ba ne. Daga baya Rice ta ce ba haka take nufi ba, wai shugaban ya umarce su ne da kada su ƙetare doka.

Dubi abin da amsar ta yi mata. Ta mayar da kanta 'yar aike, ta ɗora izini a kan Bush, sannan ta ce izinin Bush ɗin ya wanke aikin. Wato laifin ma babu shi, in kuwa akwai, ba nata ba ne. Ko doka ta yarda da hakan, duba tambayar da ke kan umarnin shugaba.

Cheney fa? Ba shi ake cewa shi ne ƙashin bayan abin ba?

Shi ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. A Fabrairun 2010 ya ce shi babban mai goyon bayan azabar ruwa ne. A Disamban 2014 ya ce zai sake ba tare da ɓata minti ɗaya ba. Amma akwai abu ɗaya da ya ƙi yarda da shi kememe: a ce shi ya yi gaban kansa. Ranar 10 ga Mayu, 2009, a tashar CBS, aka tambaye shi ko Bush ya san abin da ake yi. Ya ce shawara ce ta matakin shugaban ƙasa, an kai masa, ya sa hannu. Da rahoton Majalisar Dattawa ya fito a 2014 yana nuna kamar an ɓoye wa Bush, washegari Cheney ya hau tashar Fox ya ce ƙarya ce, shugaban na cikin shirin tsundum, ya san duk abin da yake bukatar sani.

Salonsa ya bambanta da na Rice. Ita ta zame jiki ne, shi kuwa ya tsaya yana tinƙaho amma ya jawo maigidansa ya tsayar kusa da shi. A ganina, lissafi ne mai sauƙi: mai son gurfanar da Cheney sai ya shirya gurfanar da tsohon shugaban ƙasa tare da shi, kuma ya san babu mai wannan niyya a Washington.

Bush ya musanta ne?

Ko kaɗan, kuma nan ne labarin ya saɓa wa yadda aka saba. Tun Afrilun 2008 ya gaya wa ABC cewa ya san muƙarrabansa sun zauna kan batun, kuma ya amince. A littafin tarihin mulkinsa na Nuwamban 2010 ya rubuta cewa da Tenet ya nemi izinin amfani da dabarun a kan Khalid Sheikh Mohammed, ya ce masa ƙwarai kuwa.

Sai dai shi ma yana da inda yake jingina. Da aka tambaye shi a tashar NBC me ya sa yake ganin azabar ruwa halal ce, cewa ya yi saboda lauya ya ce halal ce, shi kuwa ba lauya ba ne. To su lauyoyin fa? Takardunsu sun faɗa ƙarara cewa sun dogara ne da bayanan da CIA ta ba su. Rahoton Majalisar Dattawa ya ce bayanan nan da yawa ba daidai ba ne. CIA kuma ta ce ba ta ɗaga yatsa ba sai da izinin fadar shugaba da na Ma'aikatar Shari'a. Muƙarrabai na nuna shugaba, shugaba na nuna lauyoyi, lauyoyi na nuna CIA, CIA na nuna muƙarrabai. Kowa ya amsa kason da bai kai na kotu ba.

To me ya sa rahoton Majalisar Dattawa ya ce bai sani ba sai 2006?

Rahoton da aka saki taƙaitaccensa ranar 9 ga Disamba, 2014, an gina shi ne a kan takardun CIA, ba a kan hira da mutanen ba. Abin da ya ce shi ne, babu takardar da ta nuna CIA ta yi wa Bush bayanin dabarun ɗaya bayan ɗaya kafin 8 ga Afrilu, 2006. A zaman ranar, in ji bayanan, Bush ya nuna rashin jin daɗi da aka kwatanta masa fursuna ɗaure a rufin ɗaki, an sa masa ƙunzugu, yana ba-haya a jikinsa.

John Rizzo, wanda ya daɗe yana riƙe da muƙamin babban lauyan CIA, ya rubuta a 2014 cewa Tenet ya gaya masa bai tuna ya taɓa yi wa Bush bayanin dabarun a wancan lokacin ba. Rizzo na ganin Bush ya ɗauki nauyin ne don ya rufa wa mutanensa asiri. Wasu kuma na ganin da gangan aka ƙi rubutawa, Rice ko Cheney ke kai maganar baki da baki don shugaba ya samu hanyar zillewa. Ko wanne ne gaskiya, bai fita ba. Shi ya sa hannu a takardar Satumban 2001 da ta Fabrairun 2002, shi kuma ya tsaya gaban duniya ranar 6 ga Satumba, 2006, ya amsa akwai gidajen yarin ɓoye, ya kare su.

Duk kan Bush aka tura laifin?

A'a. Kowa ya tura wajen da ya fi masa sauƙi. Kanar Lawrence Wilkerson, tsohon shugaban ma'aikatan ofishin Powell, ya fito a Oktoban 2005 ya ce Cheney da Rumsfeld sun haɗa wani gungu da ya ƙwace harkar tsaro, daga baya kuma ya ce sawun cin zarafin fursunoni na kaiwa ofishin Cheney. Janis Karpinski, wadda ke kula da gidajen yarin soja a Iraƙi lokacin Abu Ghraib, aka rage mata girma daga birgediya zuwa kanar a 2005, Rumsfeld take nunawa. Rumsfeld ɗin ne ya amince da jerin dabaru don Guantanamo ranar 2 ga Disamba, 2002, har ya ƙara da hannunsa a ƙasan takardar cewa shi yana tsayuwar awa 8 zuwa 10 a rana, me ya sa za a taƙaita ta fursuna zuwa awa 4.

'Yan majalisa ma ba su tsira ba. CIA ta ce tun Satumban 2002 ta yi wa Nancy Pelosi bayani. Ita kuma a Mayun 2009 ta ce hukumar ta yaudare ta.

Idan shugaban ƙasa ne ya ba da umarni, wanda ya aiwatar ya fita ke nan?

Bai fita ba. Sashe na 2 na yarjejeniyar hana azabtarwa ya ce babu wani yanayi, yaƙi ne ko dokar ta-ɓaci, da zai halatta azabtarwa, kuma umarnin na-gaba ko na hukuma ba hujja ba ne. Ƙa'idar ta samo asali tun shari'ar Nuremberg bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka ce "an umarce ni ne" na iya sa a sassauta hukunci amma ba ya wanke mutum. Najeriya ma ta sa wannan ƙa'ida cikin dokarta ta hana azabtarwa ta 2017. Ta ɗaya gefen kuma, na-gaba da ya sani, ko ya kamata ya sani, bai hana ba, shi ma yana ciki. Kan haka Amurka ta rataye Janar Yamashita na Japan a 1946.

Don haka wanda ya ce shugaba ne ya amince bai rage wa kansa komai ba a idon doka, ya dai ƙara suna ɗaya a jerin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ya kare jami'an Amurka wani abu ne daban: dokar kula da fursunoni ta Disamban 2005 ta ba jami'i damar kare kansa da cewa ya dogara da shawarar lauya da zuciya ɗaya.

Me ya sa bakinsu bai buɗe ba sai bayan sun sauka?

Dubi kwanakin. A Maris na 2009 wani alƙalin Sifaniya, Baltasar Garzón, ya fara duba ƙara a kan jami'an Bush shida, ciki har da Gonzales da Yoo da Bybee. Ranar 16 ga Afrilu Obama ya saki takardun lauyoyin. Maganar Rice ta zo 27 ga Afrilu, ta Cheney 10 ga Mayu. Lokacin ana ta kiran a naɗa mai bincike na musamman, kowa na neman inuwa.

Amma akwai waɗanda suka yi magana tun suna ciki, kuma su ne suka rusa hujjar "ba mu da zaɓi". Alberto Mora, babban lauyan rundunar sojan ruwa, ya matsa har Rumsfeld ya janye izininsa ranar 15 ga Janairu, 2003. Ali Soufan na FBI, wanda ya fara yi wa Abu Zubaydah tambayoyi cikin lalama, ya ƙi yarda da salon CIA, hukumarsa ta janye mutanenta. Jack Goldsmith ya soke takardar Bybee a Yunin 2004, ya ajiye aiki. Philip Zelikow, mai ba Rice shawara a Ma'aikatar Harkokin Waje, ya rubuta takardar adawa a 2006, ya ce fadar ta nemi a tattara kofe-kofenta a lalata.

Azabar ta samar da bayanan da suka ceci rayuka?

Bush da Cheney da tsoffin shugabannin CIA sun ce ta samar. Rahoton Majalisar Dattawa ya bi manyan misalai 20 da hukumar ke tinƙaho da su, ya ce a cikinsu ko dai an riga an samu bayanin ta wata hanya, ko kafin a fara azabar, ko kuma bai da alaƙa da ita. CIA da 'yan Republican na kwamitin sun yi jayayya da wannan.

Ɓarnarta dai ba a jayayya a kai. Ibn al-Shaykh al-Libi, fursunan da Amurka ta miƙa wa Masar, ya ce Iraƙi ta koya wa al-Ƙa'ida amfani da makamai masu guba. Powell ya karanta wannan gaban Kwamitin Sulhu ranar 5 ga Fabrairu, 2003. A farkon 2004 mutumin ya janye, ya ce ya ƙirƙira ne don a daina gana masa azaba. Lokacin an riga an mamaye Iraƙi.

Wa aka hukunta?

Ƙanana. Sojoji 11 aka samu da laifi kan Abu Ghraib. Charles Graner ya samu shekara 10, Lynndie England shekara 3. Gwamnati ta ce 'yan tsirarun ɓata-gari ne, amma kwamitin harkokin soja na Majalisar Dattawa, a rahotonsa na Disamban 2008 da Carl Levin da John McCain suka fitar, ya ce daga sama abin ya gangaro. A ɓangaren CIA, ɗan kwangila ɗaya, David Passaro, aka ɗaure kan dukan wani fursuna da ya mutu a Afganistan a 2003. John Kiriakou, tsohon jami'in da ya tabbatar wa duniya azabar ruwa a 2007, ya samu wata 30 a 2013, saboda fallasa sunan jami'in sirri.

Na sama kuwa lafiya lau. Ofishin ladabtarwa na Ma'aikatar Shari'a ya samu Yoo da Bybee da saɓa ƙa'idar aiki, sai wani babban jami'i, David Margolis, ya sassauta a 2010 ya ce rashin kyakkyawan tunani ne kawai. Bybee alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ne tun 2003, Yoo farfesa a Jami'ar California da ke Berkeley. Jose Rodriguez, wani babban jami'in CIA, ya sa an lalata kaset 92 na bidiyon tambayoyin a Nuwamban 2005, ba a tuhume shi ba. Gina Haspel, wadda ta tsara saƙon lalatawar, ta zama shugabar CIA a 2018.

Abin mamakin, gwamnatin Bush ce ta fara amfani da dokar azabtarwa ta 1994, amma a kan Chuckie Taylor, ɗan tsohon shugaban Laberiya, kan abin da ya yi a ƙasar ubansa. An yanke masa shekara 97 a Janairun 2009.

Me ya hana Obama gurfanar da su?

Ya hana dabarun da umarnin 22 ga Janairu, 2009, amma tun kafin rantsuwa ya ce gaba za a duba, ba baya ba. Antoni Janar Eric Holder ya ba mai gabatar da ƙara John Durham bincike, da sharaɗin ba za a taɓa wanda ya tsaya cikin iyakar takardun lauyoyi ba. An rufe binciken ranar 30 ga Agusta, 2012, ba a tuhumi kowa ba, har a kan mutuwar Gul Rahman. A Agustan 2014 Obama ya faɗa da bakinsa cewa sun azabtar da wasu mutane. Yarjejeniyar da ƙasarsa ta sa wa hannu ta wajabta miƙa irin wannan ga masu gabatar da ƙara, amma zancen ya tsaya nan.

Kotunan wasu ƙasashe sun yi wani abu?

Sun taɓuka. A Nuwamban 2009 wata kotun Italiya ta samu Amurkawa 23 da laifi, ba sa nan, kan sace limamin nan ɗan Masar, Abu Omar, a Milan a 2003. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta hukunta Masedoniya a 2012 kan Khaled el-Masri, Bajamushen da aka kama bisa kuskuren suna, sai Poland a 2014, sai Romaniya da Lituwaniya a 2018. A Fabrairun 2011 Bush ya fasa tafiya Jeneba bayan ƙungiyoyi sun shirya shigar da ƙara, kodayake masu gayyatarsa sun ce tsoron zanga-zanga ne. A cikin Amurka, Mitchell da Jessen sun yi sulhu da masu ƙararsu a 2017, sannan a Nuwamban 2024 masu taya alƙali hukunci a Virginia suka umarci kamfanin CACI, wanda ya yi wa soja kwangilar tambayar fursunoni, ya biya tsoffin fursunonin Abu Ghraib uku dala miliyan 42.

Akwai inda maganar na-ƙasa ta kai shugaba kurkuku?

Akwai, a Chadi, kuma da wannan yarjejeniyar ce aka kama shi. Hissène Habré ya yi mulki daga 1982 zuwa 1990 da goyon bayan Amurka da Faransa. 'Yan sandansa na sirri, DDS, su ne hannunsa na azaba. A Maris na 2015 kotu a Ndjamena ta ɗaure jami'an zamaninsa 20, ciki har da tsohon daraktan DDS Saleh Younous da Mahamat Djibrine, waɗanda aka yi wa ɗaurin rai da rai. A Dakar ta Senegal kuma, inda aka yi wa Habré shari'a, wani tsohon babban jami'in hukumar, Bandjim Bandoum, ya tsaya gaban alƙalai ya bayyana yadda rahotanni ke zuwa wajen Habré, umarni na dawowa.

Bambancin shi ne a gaban kotu ya yi maganar, bisa rantsuwa, ya haɗa da nasa hannun a ciki, ga kuma takardu. Tarin fayilolin DDS da aka gano a 2001 sun ƙunshi sunayen matattu 1,208, da saƙonni 1,265 da aka aika wa Habré kai tsaye kan fursunoni 898. Ranar 30 ga Mayu, 2016, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ya rasu a Agustan 2021. Muƙarraban Bush kuwa a talabijin da littattafan sayarwa suka yi tasu maganar, inda babu lauyan da zai titsiye su.

Ina aka tsaya yanzu?

A 2015 majalisa ta amince da gyaran McCain da Feinstein, wanda ya taƙaita duk wata tambayar fursuna ga abin da ke cikin littafin ƙa'idojin soja. Shari'o'in Guantanamo kuwa azabar ce ta dabaibaye su. Tun Janairun 2009 Susan Crawford, jami'ar da gwamnatin Bush ta naɗa kan kotunan soja, ta ce ta ƙi gurfanar da Mohammed al-Qahtani ne saboda an azabtar da shi. A Agustan 2023 alƙalin soja ya yi watsi da iƙirarin Abd al-Rahim al-Nashiri, wanda ake zargi da harin jirgin ruwan USS Cole, kan wannan dalili. Abu Zubaydah ya haura shekara ashirin a tsare ba a tuhume shi ba.

Rumsfeld ya rasu a Yunin 2021, Powell a Oktoban shekarar, Cheney a Nuwamban 2025. Cikakken rahoton Majalisar Dattawa ya haura shafi 6,700, kusan 500 kawai aka saki. Kafin ya sauka, Obama ya sa an adana kofe ɗaya cikin takardun mulkinsa, da sharaɗin a rufe shi shekara 12. Mai neman sanin wa ya gaya wa wa, a wace rana, sai ya haɗa taƙaitaccen rahoton da takardun lauyoyin da aka saki a 2009, ya gwada su da abin da kowannensu ya faɗa a tambayoyin da suka gabata kan Rice da Cheney da Bush.